Na'urar Auna Iska Mai Aiki da Sauti: Yadda Za Ka Kafa Ta

Wannan na'ura ba ta da kofuna masu juyawa, ba ta da farfela. 'Yan ƙahoni ne gare ta, galibi huɗu, suna aika wa juna sautin da kunnenka ba ya ji. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. In iska na tura shi ya isa da wuri, in tana tare shi ya makara. Da wannan ɗan bambanci take gane ƙarfin iska da inda ta fito. Abin da ya fi burge ni, ba ta da boris ɗin da ƙurar hunturu za ta cinye.

1. Ka fara gwada ta a ɗaki. Rufe ƙofa da taga, kashe fanka. Ya kamata ta nuna sifili ko dab da shi. In ta ce ana iska, mayar wa mai shago kayansa.

2. Zaɓi fili. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce mita 10 daga ƙasa, nesa da gini ko bishiya ninki goma na tsayinsu. Darbejiya mai mita 6? Matsa mita 60. Kar ka maƙala ta jikin bango, gini na murɗe iska.

3. Saita arewa, a nan ake yawan tafka kuskure. Akwai alamar N a jikinta. Daidaita ta da kamfas, amma ka ja baya daga sandar ƙarfen da ka ɗora ta a kai, don ƙarfe na ruɗa shi. Ka tuna, inda iska ta fito take nunawa, ba inda ta nufa ba. A ƙasar Hausa iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. In a Janairu kullum tana nuna maka kudu maso yamma, ka juya ta baibai.

4. Sandar ta tsaya cak. Ari lebur wajen magini, ka ɗaure ta da wayoyi uku.

5. Duba ƙahonin duk mako. Saƙar gizo da kashin tsuntsu na tare sautin. Goge da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, ban da kankara da wuƙa.

6. Kar lamba ɗaya ta ruɗe ka, ɗauki matsakaicin minti 10. In a mita a daƙiƙa take nunawa, ninka da 3.6 ka samu kilomita a awa. Kafin ka goya tankin feshi a gona, duba wannan lambar tukuna.