In Amince da Kukis Ko In Ƙi?

Tambaya: Duk shafin da na buɗe a waya sai ya nemi in amince da "kukis". In danna ko in ƙi?

Amsa: Malam, kada ka yi musu kuɗin goro. Kukis ɗan guntun bayani ne da shafi ke ajiyewa a burauzarka don ya gane ka idan ka dawo, kuma Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994. Ba don kukis ba, da kullum sai ka sake rubuta kalmar sirri a Gmail, kayan da ka zuba a kwandon sayayya kuma su ɓace. Wannan na shafin ne, ka bar shi. Wanda ya kamata ka ƙi shi ne na kamfanonin talla da ke laɓe a dubban shafuka suna tattara tarihin yawonka, shi ya sa takalmin da ka duba jiya yake bin ka ko'ina. Burauzar Safari ta toshe irinsu tun 2020, a Chrome kuwa sai ka shiga saiti, sashen sirri da tsaro, ka toshe da kanka.

Wani zai ce ba shi da abin ɓoyewa, amma wa ke son ɗan talla ya san ya yi bincike kan wata cuta ko bashi? Wani kuma zai ce a share duka a huta. Sharewa za ta fitar da kai daga asusunka, kuma ba ta hana a gane wayarka ta girman allo da nau'in burauza. Dokokin Tarayyar Turai ne suka haifar da yawancin sanarwar nan, don haka ka nemi maɓallin ƙin waɗanda ba dole ba, ko da an cusa shi ƙarƙashin zaɓuɓɓuka.