Shin Turara Saiwar He Shou Wu Yana Kare Hanta?

Wata mai karatu ta tambaya ko saiwar He Shou Wu ta ƙasar Sin, wadda ake sha don hana furfura, tana daina cutar da hanta idan an sarrafa ta.

Sarrafawa tana rage haɗari, amma ba ta kawar da shi. Ɗanyar saiwar tana sa zawo. Masu maganin gargajiya a can sukan jiƙa ta da ruwan baƙin waken suya, su turara, su shanya. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a maimaita sau 9. Zafin yana rage wasu sinadaran da ake zargi da lahanta hanta, saiwar kuma ta yi duhu. Sai dai ba kowane kamfani ke da wannan haƙuri ba.

A 2014 hukumomin Sin sun taƙaita adadinta a kayan ƙarin lafiya: giram 1.5 na ɗanya a rana, giram 3 na sarrafaffiya. Bincike na 2019 kuma ya nuna masu ɗauke da ƙwayar halitta HLA-B*35:01 sun fi saurin kamuwa da ciwon hanta idan sun sha ta.

Mai ciwon hanta ya guje ta. Wanda idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu ya daina sha, ya garzaya asibiti da kwalbar maganin a hannu.