Katin Sadarwa da Rikicin Layin IRQ

Katin sadarwa shi ne ke haɗa kwamfutar tebur da 'yan'uwanta ta waya. Sa shi ba wuya: a zare wayar lantarki, a taɓa ƙarfen akwatin don cajin jiki kada ya lalata katin, sannan a danna shi cikin gurbinsa ya zauna daram.

A da, wahalar tana wajen saiti. Kowane kati yana da layin IRQ da yake kiran kwamfuta ta kansa. Katin NE2000 na kamfanin Novell yakan zo a kan layi na 3, wanda tashar COM2 ta modem ma ke amfani da shi. In suka haɗu sai aiki ya tsaya, har sai an mayar da katin layi na 5 da hannu. Gurbin PCI na 1992 da Windows 95 ne suka ɗora wa kwamfuta rabon layukan.