Yadda Ake Miƙar da Fallen Jan Ƙarfe Idan Ya Karkace

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda aka ba shi fallen jan ƙarfe mai tozo a tsakiya aka ce ya miƙar, abin da zai fara yi shi ne ya ɗauki guduma ya dinga dukan tozon. Nan ne aikin ke lalacewa. Jan ƙarfe yana da tsada, kuma fallen da ya sha dukan banza da wuya ya koma daidai.

Ku tuna da kwaɓin cincin idan ana murza shi da kwalba: inda aka danna, nan yake faɗaɗa ya yi siriri. Haka jan ƙarfe yake a ƙarƙashin gudumar ƙarfe. Tozon da kuke gani wuri ne da ya riga ya faɗaɗa fiye da kewayensa, ya rasa inda zai je, sai ya taso. Kowane duka a kansa ƙara masa faɗi yake yi. Ya lotsa ta nan, ya ɓullo ta baya.

Kafin a taɓa guduma, a gano ciwon. A ɗora fallen a kan gilashi ko wani shafaffen ƙarfe, a kafa gefen rula a kansa, a duba inda haske ke ratsawa ta ƙasa. A zagaye wurin da alli.

Sai a tausasa shi. Jan ƙarfe yana taurarewa duk lokacin da aka lanƙwasa shi ko aka buge shi, har ya kai ga tsagewa. Maganinsa wuta. A riƙe da awartaki a gasa a garwashin gawayi, ana juyawa don zafi ya game, har ya fara yin ja kaɗan. A inuwa ake wannan, domin a tsakar rana ba a ganin jan sai ya wuce misali. Jan ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1085 na ma'aunin Salshiyos, kuma gefen siririn falle ne ke fara ci idan ana zuga wuta babu lura. Da ya yi ja a janye, a bar jan ya dushe, a tsoma a ruwa. Abin mamaki, ruwan da ke ƙara wa ƙarfen wuƙa tauri ba ya taurara jan ƙarfe. Da laushinsa zai fito. Baƙin da wuta ta bar masa kuwa, lemon tsami da gishiri na taimakawa wajen cire shi.

Idan lanƙwasa ce kawai, aikin ya zo da sauƙi. A sa fallen tsakanin katako biyu masu santsi a buga na saman, ko a bi shi a hankali da gudumar katako, irin ɗan bugun da masu bugu ke daka rinannen yadi da shi. Katako yana kwantar da jan ƙarfe ba tare da ya faɗaɗa shi sosai ko ya bar masa tabo ba.

Tozo shi ne mai wuyar sha'ani. Tunda tsakiya ta yi wa gefe yawa, gefen za a faɗaɗa har ya kamo ta. A ɗora fallen a kan shafaffen ƙarfe mai kauri, a ɗauki gudumar ƙarfe mai santsin fuska, a fara daga bakin falle ana zagayawa. Duka ya fi yawa a baki, ya dinga raguwa ana matsowa ciki, a tsaya a layin alli. Ƙananan duka ake so, a jere kusa da juna, fuskar guduma na sauka daidai. Idan ta sauka da gefe za ta bar tabo kamar jinjirin wata, kuma ba ya gogewa. Bayan kowane zagaye a juya fallen, a sake kafa rula. A hankali za a ga tozon na kwanciya alhali ba a taɓa shi ba.

Wani lokaci kuma akasin haka ne: tsakiya a miƙe, gefuna na igiya kamar bakin zani. A nan gefunan ne suka yi yawa, don haka tsakiya za a buga.

Da an ji fallen ya fara tsalle a ƙarƙashin guduma, ya ƙi bin hannu, to ya sake taurarewa, a mayar da shi wuta. Maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, sukan kai aiki guda wuta sau da yawa kafin su gama.

Bakin falle yana yanka kamar reza, a goge shi da magagari tun farko. Jan ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri har zuwa inda aka riƙe, kuma yana iya ƙona hannu bayan jan ya ɓace. Kada a gasa falle mai fenti ko roba a jiki saboda hayaƙinsa, kuma aikin wuta sai malamin fasaha yana wurin.