Sai an ƙwanƙwasa demara motata ke tashi

Tambaya: Ina jan Land Cruiser mai shan gazuwal tsakanin Sae Sabuwa da Maradi. Kwanan nan in na murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya, shiru, har sai yaron mota ya ƙwanƙwasa demara da sifana. In sayi sabo ne?
Wani direba daga Sae Sabuwa

Amsa: Malam direba. Tukuna dai, kada ka taɓa aljihu. Fara da batir. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, in ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da kake tayarwa, mai yiwuwa laifin na batir ne, ba na demara ba. Ka kuma goge farin garin nan da ke taruwa a kawunan batir, ka ɗaure wayar da ke kama jikin mota tam.

Amma tunda duka ne ke tashe ta, zargina ya fi karkata ga abu biyu. Ko gawayin ciki, wanda makanikan Maradi ke kira sharbo, ya cinye, ko kuma 'yan faifan tagullar da ke haɗa wuta sun ƙone. A Toyota na biyun ya fi yawa. In mai gyara ya buɗe, za ka gan su baƙaƙe ƙirin, gefe guda ya zaizaye kamar tsohon takalmi. Canza su bai kai kusa da kuɗin sabon demara ba. Rairayin hanyarku da ruwan damina su ke gaggauta lalacewar. Dukan kuwa a daina. Wasu demarorin maganaɗisu ne a cikinsu, yana tsagewa. Kuma wa zai tura mota maƙare da buhunan hatsi cikin yashi ran da duka ya ƙi ci?

In mai gyara ya ce naɗin wayar ciki ya ƙone, to sai canji. Ka cire kan batir mai alamar ragewa kafin sifana ta taɓa komai. Ka ɗauki tsohon zuwa shago, a Maradi ne ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a jera shi da sabon, a ƙirga haƙora, a duba ramukan noti. Ka tambayi bolt ɗinsa, don akwai Land Cruiser masu 24, ba 12 ba. Mai shago ya jona shi da batir a gabanka, ka ga haƙorin ya zabura waje yana juyawa kafin ka biya.