Taswira a Tsakar Gida

Taswira hoton ƙasa ne kamar yadda shaho ke hango ta daga sama. Ba sai da takarda ake yin ta ba. Manomin Adogi da ya ɗauki tsinke ya zana wa baƙo hanyar Lafiya a ƙasa, taswira ya yi. Haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana wa Baturen Birtaniya Clapperton Kogin Kwara a kan rairayi a Sakkwato a 1824.

Kafin a ja layi ko ɗaya, a zana kibiya mai nuna arewa. Wanda ya fuskanci fitowar rana, arewa tana hagunsa. Kowa ya san wannan, amma sai a yi ta mantawa.

Ana iya shimfiɗa Najeriya duka a tsakar gida. A yi shara, a zuba toka siriri a matsayin Kwara da Binuwai, su haɗu a Lakwaja. Sai a sa wa kowane yanki abin da aka san shi da shi: gero a Katsina, gyaɗa a Kano, ɓarin doya a Lafiya, riɗi a Doma, gishiri a Keana. A nan ake jin uwargida daga madafa tana cewa, "Malam, gishirin miyata ne fa ka kai Keana!" Kafin a ba ta amsa kaji sun cinye Katsina, ɗan auta kuma da ke zaune ta ɗaya gefen yana rantsuwa Kano a kudu take. Laifin na wanda bai sa kibiya ba ne.

Ba dole arewa ta zauna a sama ba. Masanin nan Al-Idrisi kudu ya sa a saman taswirarsa ta 1154. Abin da ake bukata shi ne mai dubawa ya san yadda aka ajiye ta.

Ɓarnar ta fi yawa a zanen gonar gado. Wasu sukan zana iyaka da rafi da ɗorawa, su ninke takarda ba kibiya. Bayan shekaru magaji ya juya ta, rafin ya koma yamma, 'yan'uwa su wuni gaban mai unguwa saboda sakacin minti ɗaya. A sa kibiya tukuna, sannan sunan wuri da kwanan wata. Ta tsakar gida kuwa, a kwafe ta a takarda kafin a saki kaji.