Hanyar Shiga Aikin Jinya: Darasi Domin Iyaye da Matasa

'Yan'uwa, a kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, iyaye da dama a Ikilisiyoyinmu sukan fara tambayar inda za su kai 'ya'yansu domin koyon aikin nas. Buri ne mai kyau, amma a nan ne gidaje da yawa suke zubar da gumin shekaru. Saboda haka ya kamata mu san hanyar sosai kafin a sayar da akuya ko buhun masara.

Hukumar da ke da iko a kan wannan aiki a Nijeriya ita ce Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, wadda ake kira NMCN. Dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979 ce ta kafa ta, inda aka haɗe hukumar nas-nas da ta ungozomomi wuri ɗaya. Ita ce ke amincewa da makarantu, ita ce ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ita ce kuma ke ba da lasisi. Wanda sunansa ba ya cikin rajistarta, to, a idon doka ba nas ba ne, ko da ya shekara ashirin yana yin allura.

Tafiyar tana farawa ne tun daga babbar sakandare. Dole ne yaro ko yarinya su shiga ajin kimiyya, domin ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye da haka ba. A makarantun karkara, Fizik da Kemistiri su ne ke yawan kada ɗalibai, saboda ƙarancin malamai da ɗakunan gwaji. Iyayen da suka ga ɗansu yana rauni a waɗannan fannoni, gara su nema masa ƙarin darasi tun yana aji huɗu. Idan aka jira sai sakamako ya fito, shekara guda ta tafi ke nan.

Hanyar da iyayenmu suka fi sani ita ce makarantar koyon jinya da ke jingine da asibiti, inda ake karatu na shekara uku a fito da shaidar RN, wato nas mai rajista, ko RM ga wadda ta karanta aikin ungozoma. Asibitocin mishan sun horar da mutane da yawa ta wannan hanya, kamar na St. Gerard da ke Kakuri a Kaduna, da na St. Louis da ke Zonkwa. A 'yan shekarun nan an mai da yawancin irin waɗannan makarantu kwalejoji, inda ake shiga ta jarrabawar JAMB, a yi ƙaramar difloma ta shekara biyu, a ci gaba da babbar difloma ta wasu shekaru biyu, a kuma rubuta jarrabawar Majalisa a cikin wannan lokaci. Amfanin sauyin shi ne, takardar ɗalibi tana da matsayi a tsarin ilimin ƙasa, ba a cikin asibiti kaɗai ba.

Akwai kuma hanyar jami'a. Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digirin jinya a 1965, yanzu kuwa ana samunsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Jos, da ta Maiduguri. Karatun shekara biyar ne, sai shekara ɗaya ta aikin gwaji a asibiti, sannan bautar ƙasa. Gurabe ba su da yawa, masu nema kuwa tuli, don haka sai da maki mai kyau a JAMB. Wanda ya riga ya sami RN yana iya shiga jami'a kai tsaye ba tare da komawa aji ɗaya ba. A ganina wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga ɗan talaka: ya fara aiki, ya tara abin da ya samu, ya koma karatu.

Bayan an fito, ƙofar ƙarin ƙwarewa a buɗe take. Ana koyon jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, jinyar ƙashi a asibitin Dala na Kano, jinyar masu taɓin hankali kuma a asibitin Barnawa.

Yanzu sai babban gargaɗi. Akwai ƙananan asibitoci da shagunan magani da ke karɓar kuɗi, su ɗinka wa yarinya farin kaya, su ce za ta zama "ƙaramar nas" bayan shekara biyu. Takardar da suke bayarwa Majalisa ba ta san da ita ba, gwamnati ba za ta ɗauki mai ita aiki a matsayin nas ba, kuma idan majinyaci ya mutu a hannunta, ita ce za ta amsa tambaya a gaban hukuma. Haka nan a lura, makarantun fasahar lafiya da ke horar da ma'aikatan lafiya na karkara halaltattu ne, aikinsu kuma abin girmamawa ne, amma wata hukuma dabam ce ke yi musu rajista, ba sa kuma fitowa a matsayin nas. Yara da yawa sai sun kusa gamawa suke gane wannan bambanci.

Kafin ku biya ko sisin kwabo, ku nemi wanda ya iya intanet a Ikilisiya ya duba muku jerin makarantun da NMCN ta amince da su, ko ku tambayi wata nas da ke aiki a asibitin gwamnati. Bayan yaro ya shiga, ku bincika ko makarantar ta tura sunansa Majalisa an ba shi lambar ɗalibi, domin akwai adadin da aka ƙayyade wa kowace makaranta, kuma ɗalibin da ba shi da wannan lamba ba za a bar shi ya zauna jarrabawar ƙarshe ba.